Daga Burtali Zuwa Kwalta: Rabon Mai Tafiya da Ƙafa a Ajingi da Gaya

Ranar da mota ta buge ƙanena damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai. Yana da shekara goma a lokacin, yana dawowa daga makarantar Islamiyya da yamma tare da sa'o'insa. An yi ruwa da azahar, gefen titin da suka saba bi ya zama tafki, inda ruwan bai kai ba kuma masu tebur da masu baro sun tare, domin ranar kasuwa ce. Wuri guda ya rage da ƙafa za ta taka a bushe, wato kan kwalta, sai suka hau. Direban da ya buge shi bai gudu ba. Shi ya ɗauke shi zuwa asibiti yana hawaye, yana rantsuwa bai gan shi ba sai da ya zo dab da shi. Allah ya yi yaron yana da sauran shan ruwa, amma ƙashin cinyarsa ta hagu ya karye, kuma har yau da ya zama saurayi yana ɗingishi.

Masu zuwa jaje duk magana ɗaya suke yi: tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba, domin na yi imani da ƙaddara. Sai dai da dare, bayan mutane sun watse, kakana wanda ya haura shekara tamanin ya kira ni zaure ya ce, "Abokina, ni na tsufa ina kora jakai a hanyar nan. A da hanya ta mai tafiya ce. Kai da kake boko, bincika mana, yaushe aka ƙwace ta?"

Na tafi jami'a da wannan tambaya, na karanta tarihi, na dawo gida da ita. Abin da ke biye shi ne amsar da na iya haɗawa: yadda hanya a ƙasar Gaya da Ajingi ta tashi daga hannun mai ƙafa ta koma hannun mai inji cikin shekara ɗari da 'yan kai, da kuma wanda doka ta ɗora wa nauyin mayar wa mai ƙafa rabonsa.

Hanya kafin zuwan mota

Labarin kafuwar Kano kansa labarin tafiyar ƙafa ne daga yankinmu. Tarihin baka ya nuna cewa Abagayawa, maƙeran da ake dangantawa da Gaya, su ne suka bi sawun tama har Dutsen Dala, kuma daga sunan ɗaya daga cikinsu aka samo sunan birnin. Ko mutum ya ɗauki labarin yadda yake ko ya ɗauke shi a matsayin hikaya, abu guda ya tabbata: hanyar da ta haɗa Gaya da Kano tafin ƙafa ne ya share ta, ɗaruruwan shekaru kafin a san wani abu wai shi injiniya.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, da buɗe hanyoyin fatauci tsakanin Barno da Gwanja. Gabashin Kano shi ne mashigar wannan ciniki. Ta nan kanwa da gishiri da dabbobi suke shigowa daga gabas, ta nan tufafin rini da goro suke fita. Baturen nan Clapperton ma ta gabas ya shigo Kano a watan Janairun 1824, daga Barno ta Katagum, kuma ya ba da labarin mata masu sayar da abinci a bakin hanya. Ayari yana da madugu, yana da zango, kuma nisan zango da zango gwargwadon abin da mutum da jaki za su iya ci ne a yini guda. Ma'aunin hanya a wancan zamani shi ne ƙarfin ƙafar ɗan Adam.

Harshenmu ma ya adana wannan tsari. Muna da turba, siririyar hanyar da ke ratsa gonaki. Muna da gwadabe, faffaɗar hanyar da ke haɗa gari da gari. Muna da burtali, hanyar da ake keɓe wa dabbobi a tsakanin gonaki, a shinge ta dama da hagu don kada shanu su yi ɓarna. Burtali ya fi jan hankalina, saboda hujja ce cewa kakanninmu sun san dabarar raba masu tafiya gwargwadon ƙarfinsu. Sun lura cewa garken shanu da shukar manomi ba sa haɗa wuri, sai suka yanka wa kowa nasa, dagaci da masu unguwa kuma suka tsare iyakar. Wanda ya ci burtali da garma ya san zai amsa kira a ƙofar dagaci.

Shari'a ma ta san haƙƙin hanya. Malamanmu suna karantar da cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kuma idan aka yi jayayya a kan faɗinta ana barin zira'i bakwai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya lissafa gyaran hanyoyi da gadoji da kasuwanni cikin abubuwan da suka wajaba a kan shugaba a littafinsa Usulus Siyasa.

Ba zan ce hanyar da aljanna ce ba. Akwai 'yan fashi, akwai masu kamun bayi, kuma a ƙarni na 19 hare-haren Ningawa sun hana kudu maso gabashin Kano sakat. Talaka kuma yakan ratse ya durƙusa idan basarake ya taho a kan doki. Amma haɗarin wancan zamani daga mugun mutum yake fitowa. Ita kanta hanyar ba ta kisa, domin babu abin da ke gudu a kanta fiye da doki, shi kuwa doki yana da ido, yana kuma tsoron taka mutum.

Gyaɗa, jirgi da titin En'e

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Layin dogo ya iso birnin a 1911, kuma daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe yadda su kansu Turawan ba su zata ba, domin auduga suka sa rai. Daga baya aka ja reshen dogo daga Kano ta Ringim, ya isa Nguru a 1930. Wannan ne ya fara juya akalar hanyoyinmu. Kafin nan hanya takan bi inda mutane suke da buƙatar juna, kasuwa zuwa kasuwa, gari zuwa gari. Daga wannan lokaci sai ta koma bin inda kaya suke buƙatar jirgi.

Kakana ya riski ƙarshen wannan zamani. Ya ce da kaka, idan an gama roron gyaɗa an ɓare, sukan ɗora wa jakai taiki tun asuba su nufi Ringim, inda ma'auna take kusa da tashar jirgi. Ya ce idan suka ji ƙugin babbar mota daga nesa sukan kora jakan cikin gona su tsaya har ƙura ta lafa. A yini ɗaya mota ba ta wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, saboda haka ratsewar ba ta dame su ba. Ba su san cewa ratsewar da suka yi ta zama ta dindindin ba.

Su wa suka gina waɗannan hanyoyi na mota? Mulkin Turawa a Arewa ya tsaya ne a kan En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki da hakimai da dagatai. Haraji da jangali suna shiga Baitulmali, daga ciki ake fitar da kuɗin ayyuka. Amma yawancin aikin share hanyoyin karkara da gumin talakawa aka yi shi. Umarni yakan sauko daga Di'o zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, kowane gari ya fitar da majiya ƙarfi da fartanya da kwando su share rabonsu bayan ɗaukewar ruwa. Mahaifin kakana yana cikin waɗanda aka ɗiba. Ko bayan da aka yi dokar taƙaita aikin tilas a 1933, an bar ƙofar aikin gari a buɗe, gyaran hanya kuwa yana cikinsa.

A nan ne na ga farkon amsar tambayar kakana. Mutanen da suka share titin da hannunsu ba su da mota, kuma ba a tsara titin da su a zuciya ba. An auna faɗinsa da faɗin motar gyaɗa, an auna ƙarfin gadarsa da nauyin buhuna. Mai ƙafa da mai jaki an bar musu abin da ya rage, wato gefe. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita an tara ta ne da buhunan da suka fara tafiyarsu a kan jaki ko a kan gammo, amma babu wanda ya ga dalilin kashe ko anini a kan wannan zangon farko na tafiyar.

A wannan zamani ne kuma keke ya shigo. Malamin makaranta da malamin haraji da ɗan kasuwa mai rufin asiri suka fara hawan Raleigh, daga baya Phoenix ya zama na kowa. Keke ya dace da ƙasarmu ƙwarai, shimfiɗaɗɗiya ce ba tudu ba gangare, kuma yana bin turba ba ya neman kwalta. Hulɗar hukuma da shi kuwa ba ta wuce guda ɗaya ba: a biya kuɗin lamba a maƙala. Dattawa har yanzu suna ba da labarin yadda ake tare masu keke a bakin kasuwa ana duba lamba.

Kwalta da gudu

Bayan samun 'yancin kai a 1960 da ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, kwalta ta fara malala zuwa karkara. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kafa hukumar DFRRI don buɗe hanyoyin karkara, aka zuba burji a wurare da yawa, ko da yake da dama daga cikin hanyoyin ba su jure damina ba saboda rashin gyara. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Farfesa Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Kafa ta kansa shaida ce cewa titi ya riga ya zama makashi. A 2006 kuma gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar tagwaita titin Kano zuwa Maiduguri, wanda kashinsa na farko ya tashi daga Kano ta Wudil da Gaya zuwa Shuwarin.

Babu mai hankalin da zai raina alherin kwalta. Mace mai naƙuda da a da ake ɗorawa a amalanke yanzu takan isa asibiti cikin ƙanƙanin lokaci. Manomi yakan kai dabbarsa kasuwar Wudil ranar Juma'a ya dawo ya kwana a gida. Ni kaina ba don titi ba da ban yi karatu a birni ba. Amma kwalta ta zo da abin da burji bai da shi, wato gudu. Rami da yashi sukan tilasta wa direba ya sassauta, santsin sabon titi kuwa kiransa yake ya taka. Masana kimiyya sun tabbatar cewa idan gudun mota ya ninka sau biyu, ƙarfin bugunta ninkawa yake sau huɗu, haka ma nisan da take buƙata kafin birki ya tsayar da ita. Jikin yaro kuwa yana nan yadda Allah ya halicce shi tun zamanin Abagayawa.

Wani abin kuma shi ne yadda garuruwanmu suka tashi suka tare a bakin titi. Inda mota take tsayawa nan ciniki yake, saboda haka mai shayi da mai tsire da mai faci da mai man bumburutu duk suka matso. Kasuwa ta tumbatsa ta hau kwalta. Makarantu da masallatai da dakunan shan magani aka gina su suna fuskantar titi. Hanyar da aka tsara don wucewa ta zama tsakar gari, ba tare da an sake mata fasali ba. Tirela mai ɗauke da siminti da yarinya mai tallan gyaɗa suka koma bin layi ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin titi yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a kowace shekara, cewa shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya da ƙafa ne da masu keke da masu babur. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Da na karanta wannan sai na gane cewa abin da ya sami ƙanena yana da 'yan'uwa a ko'ina aka shimfiɗa titi aka manta da wanda ba shi da mota.

Nauyi a takarda, lalita a hannun wani

Magajiyar En'e ita ce ƙaramar hukuma. Gyaran fuskar da aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi a 1976 shi ya kawo tsari iri ɗaya a faɗin ƙasa, da hujjar kusanto da gwamnati ga jama'a. Aka yi ta ƙara yawansu har suka kai 774, Jihar Kano tana da 44. Ajingi, wadda a da take haɗe da Gaya, ta sami tata, da mazaɓu goma, daga ciki akwai Balare da Toranke da Gafasa da Kunkurawa da Unguwar Bai. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 170,000. Mafi yawansu manoma ne, kuma mafi yawan tafiye-tafiyensu na yau da kullum, zuwa gona da rijiya da makaranta da masallaci da kasuwa, a ƙafa ake yin su ko a keke.

Na zauna na karanta Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai ginawa da gyaran hanyoyi da tituna da fitilun titi da magudanan ruwa. Akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da tsara su. Akwai ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Duk abubuwan da suka haɗu suka tura ƙanena kan kwalta, wato ruwan da ya rasa mafita da kasuwar da ta cinye gefen titi, suna cikin wannan jeri. An kuma ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na tsawon hanyoyin Nijeriya na ƙananan hukumomi ne. Tsarin mulki ya san da keke da baro, amma a matsayin abin karɓar kuɗin lasisi ya ambace su, kamar dai yadda En'e ta san su.

Adalci ne a faɗi dalilin da ya sa ƙananan hukumomi suka gaza. Sashe na 162 na wannan Kundi ya ce kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Shekara da shekaru, a jihohi da dama, abin da ke isa sakatariya bai cika wuce na albashi ba, manyan ayyuka kuma daga babban birnin jiha ake yanke su. A Kano, a zangon mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an ƙaddamar da aikin titi mai tsawon kilomita biyar a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, da magudanan ruwa da fitilu. Da dama daga cikinsu ba a kammala ba sai da gwamnatin da ta hau a 2023 ta sake waiwayarsu. Niyyar aikin mai kyau ce, kuma magudana da fitila suna amfanar mai ƙafa. Sai dai tunanin da ke ƙarƙashinsa bai rabu da na zamanin gyaɗa ba, wato ana auna ci gaba da tsawon kwalta. Kilomita biyar a hedikwata ba ta kai yaron ƙauye makaranta idan kwari ya cika ya raba shi da ita.

Akwai kuma laifin da yake namu. Ɗan siyasa yakan yi abin da za a gani a yaba ne. Mu masu zaɓe mun saba tafa wa babban titi da doguwar gada, ba mu taɓa tambayar ɗan takarar kansila inda 'ya'yanmu za su taka ba. Da yawanmu mun ja katanga mun ci hanya, mun kafa rumfa a kan magudana, mun zuba shara a kwalbati. Burtalan da kakanninmu suka tsare, garma ta cinye da yawa daga cikinsu, shanu suka dawo kan titi su ma, rigimar manoma da makiyaya ta ƙaru.

Abubuwa biyu da suka sauya

A 'yan shekarun nan abubuwa biyu sun faru da suka sa wannan tsohuwar tambaya ta zama ta yau. Na farko, ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin mota da na acaɓa suka tashi, mutane da yawa suka jingine babur suka kakkaɓe tsohon keke, wasu suka koma sayyadarsu. Masu tafiya a gefen titi sun ƙaru, gefen kuwa bai ƙaru ba.

Na biyu, ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya tabbatar da inda haƙƙin yake. Duk ranar da lalitar ta iso hannun mai ita, uzurin da aka daɗe ana bayarwa ya ƙare, sai tambayar me za a yi da kuɗin.

Tsorona shi ne a maimaita abin da aka gada, kowane ciyaman ya ƙwallafa rai a kan kwalta da zai sa wa suna. Alhali ayyukan da suka fi ceton rai su ne mafiya araha, kuma su ne daidai ƙarfin ƙaramar hukuma. A ɗaga gefen titi da burji ko bulo a cikin gari, daga makaranta zuwa unguwanni, yadda ruwa ba zai kwanta a kai ba. A yashe magudana kafin saukar damina, a rufe ta da murfin siminti ta zama matakar ƙafa. A ja kasuwa baya, a ba masu tebur wuri a ciki, a keɓe inda mota za ta sauke fasinja. A sa kwalbati a kwarurukan da ke yanke ƙauyuka, yadda mai keke da mai amalanke za su wuce a watan Agusta. A dasa darbejiya a bakin hanya, domin mai tafiya da ƙafa a watan Afrilu inuwa yake nema kafin komai. A sa fitila mai aiki da hasken rana a mararraba da bakin tasha. A zauna da dagatai da ardo-ardo a sake shata burtali.

Inda titin na jiha ne ko na tarayya, ƙaramar hukuma ba ta da ikon taɓa shi ita kaɗai, amma tana da bakin nema. Taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a sa'a a duk inda motoci suke cuɗanya da masu ƙafa. Allon gargaɗi kaɗai ba ya rage gudu. Abin da ke rage shi tudun da aka gina bisa ƙa'ida ne, aka shafa masa fenti, aka sa alama kafin a iso shi. Wanda matasa suke tarawa da ƙasa da kututture cikin fushi bayan an buge yaro shi ma yakan kayar da mai babur da dare. Wannan fushin hukuma ya kamata ta riga shi, tun da rigakafi ya fi magani.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko kwabo: a riƙa rubutawa. Kowane mai unguwa ya san inda aka buge mutum a unguwarsa, da ranar, da lokacin. Da za a tara wannan sani a littafi guda a sakatariya, cikin shekara ɗaya za a ga wuraren da jini ya fi zuba, a fara da su. En'e ta iya ƙirga kowane baligi da kowace saniya don haraji da jangali. Jikokinta ba za su kasa ƙirga waɗanda titi ya kashe ko ya naƙasa ba.

Kammalawa

Kakana ya rasu ina aji uku a jami'a, ban kai masa amsar ba. Da yana raye da na ce masa: Kaka, ba rana ɗaya aka ƙwace ta ba. An fara ne ranar da kuka kora jakai cikin gona don motar gyaɗa ta wuce, aka ci gaba ranar da aka zuba kwalta ba a bar matakar ƙafa ba, aka ƙarasa ranar da mu da kanmu muka yarda cewa mai mota ne mai hanya. Da na kuma gaya masa cewa takardar da ta fi kowace ƙarfi a ƙasar nan ta ɗora gyaran a kan hukumar da ta fi kusa da ƙofar gidanmu, wadda kansilanta muke haɗuwa da shi a masallaci da wurin ɗaurin aure.

Ƙanena yanzu keke yake hawa zuwa makarantar sakandare, domin ya fi masa sauƙi a kan doguwar tafiya da ƙafar da ta taɓa karyewa. Kullum da safe mahaifiyarmu takan raka shi da addu'a har bakin zaure, ba ta kuma samun natsuwa sai ta ji ƙarar ƙararrawarsa da yamma. Wurin da aka buge shi yana nan yadda yake. Na bi ta can a daminar bana bayan an ɗauke ruwa, na tarar da gefen ya cika, 'yan Islamiyya sun jeru a kan kwalta sun rungume jakunkunansu, babbansu yana riƙe da hannun ƙaraminsu.